Kafin Ki Juye Gwangwanin

Zauna, Jandira. Ruwan ƙarfe uku ya sauko,
kuma a Belém ba mai fita ciniki cikin wannan ruwa.
Ture akwatin kusoshin can ki samu wuri.

Shekara tara kina yanka tikiti a tashar jirgin ruwa,
kina wucewa ta gaban waccan jar jitar lantarki
har mai shagon ya haddace takunki.
Na sani, kuɗin sun cika, suna cikin gwangwanin kofi.
To saurari wanda ya tsufa yana gyaran
abin da wasu suka saya da gaggawa.

Fenti ba ya kiɗa.
Fara da wuyanta. Runtse ido ɗaya
ki hango shi yadda kafinta ke hangen katako.
Laimar garin nan ƙofa ma lanƙwasa ta take,
balle siririn itace.
In wuya ya murɗe, ko kyauta aka ba ki an tsauwala.

Kaɗa ta tukuna ba wuta.
Wadda ba ta da murya a bushe
lantarki ba zai ara mata ba, tallan aibinta zai yi.
Manna ta a haƙarƙarinki, ki ji ko itacen yana amsawa.
Bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya
har can ƙasa inda yatsu ba su cika zuwa ba,
nan zizar take ɓuya.
Sannan ki jona. Murɗa kowane maɓalli.
In kin ji kamar ana suyar kifi, datti ne, aikin minti goma.
In ta ɗauke tsit, a rage miki kuɗi.
Rataya ta, ki tsaya da ita har mai shagon ya gaji da ke.
Kafaɗa ba ta yi wa mai ita ƙarya.

Sabuwa ko ta hannu?
Sabuwa tana da rasit, kina da bakin komawa ki yi faɗa,
sai dai kina tsallake ƙofar shago
sulusin kuɗinki ya bi kwata.
Ta hannu ta sha damunanta,
duk motsin da za ta yi ta gama shi a ɗakin wani.
Tambayi mai ita abin da ya raba su.
In ya ce haihuwa ce, ko kuɗin haya, yarda da shi.
In yana waige-waige yana ce miki yi sauri,
juya kanta ki nemi lamba.
In an kankare, hawayen wani ne za ki rataya.

Kuma kar ki juye gwangwanin kaf.
Amfilifaya na jiranki, da waya,
da tsirkiya, wadda guminmu ke cinyewa a wata biyu.
Edivaldo ya zuba komai a kan jita,
ya shekara yana kaɗawa kamar sauro a kwalba.

Ni ma ja na fara saya, ina ɗan ashirin da biyu.
Ban duba komai ba sai fuskata a jikinta.
Kafin watan goma ta zama baka.
Mahaifiyata ta rataye ta, tana shanya tawul a kai.

Wannan ta ƙarƙashin tebur, cikin bargo?
Ta biyu ce. Shekara arba'in, ba ta taɓa kunyata ni ba.
Yatsuna ne suka ƙi, dubi yadda suka ƙage.
Ban ce ki saya ba.
Mai sayarwa ba a neman shawararsa.
Gobe ki je ki gwada jarki, ki yi mata duk abin da na faɗa,
in ta ci, ki biya, kar ki waiwaye ni.

Amma ruwa bai ɗauke ba.
Miƙo wayar can. A'a, baƙar.
Jona ta, in ji.